Da Babu Gara Babu Daɗi

 

Akwai karin magana guda biyu da kowace Bahaushiya ta sani, waɗanda in an jera su sai a ga kamar gardama su ke yi da juna. Ɗaya na cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, ɗaya kuwa na cewa da babu gara babu daɗi. Kowanne yana da wurinsa. In kalangu a ke kaɗawa a gidan biki, wadda ba ta iya rawa ba ta yi zamanta, ba ta yi asarar kome ba. Amma in sha'anin lafiyar jiki ne, to, wadda ta ƙi tashi don tsoron kada rawarta ta yi muni ita ce ke kwana a ciki. A kan wannan na ke so mu yi magana yau.

Bari in kawo miki misalin da na tabbata kin taɓa gani a unguwarku. Mace ta tafi asibiti da ciwon kai, aka auna ta, aka ce jininta ya hau. Aka ba ta magani, aka ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta rage sukari, ta riƙa motsa jiki. Ta dawo gida a tsorace, ta ɗaura ɗamara. Tun daga wannan rana ba gishiri ko ƙwaya a tukunyarta, ba mai, ba sukari a koko, tuwon dare ma ta ce ta bar shi har abada. Kwana uku miya lami, maigida ya fara tsaki, yara suna ture kwano. Ta daure, ta yi kwana takwas. Ran na tara aka yi suna a maƙwabta, aka kawo shinkafa da nama da lemon kwalba, zuciya ta rinjaye ta, ta ci ta ƙoshi. A hanyar komawa gida sai ta ce wa ranta, "Shi ke nan, na ɓata. Ni dai ba zan iya ba." Washegari tukunya ta koma yadda ta ke a dā. Ranar da aka ce ta koma awo ta zo, kunya ta hana ta zuwa, don kada a tambaye ta ta rasa ta cewa. Magani ya ƙare, ba ta karɓo wani ba. Hawan jini kuwa ba ya jin kunyar kowa, yana nan yana aikinsa a ɓoye, har ranar da zai taɓa zuciya ko ƙoda, ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki, Allah ya kiyaye.

Ki duba da kyau. Shinkafar suna ba ta yi wa matar nan wata babbar illa ba, ci ɗaya ne cikin wata guda. Abin da ya kayar da ita shi ne hukuncin da ta yanke wa kanta a hanya. Wannan hali shi na ke kira halin ko duka ko a fasa. Kada kuwa ki ɗauka raggwaye ya ke kamawa. Ya fi kama mace mai ƙoƙari, wadda jerenta ke ƙyalli, tsakar gidanta ba ko tsinke, wadda tun tana yarinya ta saba a ce da ita madalla. Irin wannan mace ba ta jure ta ga aikinta da tabo, don haka in tabo ya fito sai ta yar da aikin gaba ɗaya.

Masana halin ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A shekarar 1975 waɗansu masana biyu a Amurka, Peter Herman da Deborah Mack, suka tara 'yan mata ɗaliban jami'a. Waɗansu aka fara ba su madara mai sanyi da aka dama da sukari, waɗansu ba a ba su ba, sa'an nan aka ajiye wa kowa askirim aka ce ta ɗanɗana yadda ta ke so. 'Yan matan da ba su ɗora wa kansu dokar abinci ba, da suka sha madarar sai suka ci askirim kaɗan, don ciki ya riga ya ɗauka. Amma masu tsananta wa kansu, da suka sha madarar sai suka fi cin askirim ɗin, watau tun da doka ta riga ta karye, a ci kawai. Bayan shekaru, a 2007, Claire Adams da Mark Leary suka yi wani gwaji mai kama da wannan. Suka ba ɗalibai mata wani abin zaƙi mai kama da fanke, sa'an nan aka kwantar wa waɗansunsu da hankali, aka nuna musu kowa ya kan ci irin wannan wani lokaci, kada su zargi kansu. Da aka kawo alewa daga baya, masu tsananta wa kansu da aka lallasa sun ci ƙasa da 'yan'uwansu da ba a ce musu kome ba. Ashe zargin kai ba ya gyara mutum, ƙara tura shi ya ke yi cikin abin da ya ke gudu.

Wataƙila kin taɓa jin an ce kwana 21 ne mutum ke yi ya saba da sabon hali, in ya tsallake rana ɗaya sai ya koma farko. Asalin wannan magana daga wani likitan fiɗa ne na Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa waɗanda ya yi wa aiki su kan ɗauki aƙalla mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka ɗauki maganar suka kai ta inda mai ita bai aike ta ba. Da Phillippa Lally da abokan aikinta na wata jami'a a London suka bincika sosai, sun sami wani abu dabam, suka bayyana shi a 2009. Mutum 96 suka sa kowa ya zaɓi ƙaramin abu ɗaya da zai riƙa yi kullum har mako 12, kamar shan ruwa ko cin ɗan itace ko 'yar tafiya. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani kuwa lissafi ya nuna sai ya yi kwana 254. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, sun ga tsallake rana ɗaya bai rushe sabon da a ke ginawa ba. Saboda haka in kin yi wata guda har yanzu abin na yi miki nauyi, ba wani aibu gare ki ba, haka a ke yi. In kuma kin fasa ranar Talata, aikin Litinin da na Lahadi suna nan ba su zube ba.

Yanzu mu zo ga ƙa'idodin da a ke faɗa mana a asibiti da rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada gishirin da zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da taliyar leda. Ta ce a ci ganye da 'ya'yan itace giram 400 a rana. Sukarin da a ke zubawa cikin abinci da abin sha kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, kwalbar lemo ɗaya kuwa ta kan ɗauki fiye da rabin wannan. Ta kuma ce a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Waɗannan duka gaskiya ne, kuma can ya kamata mu dosa. Amma ki ɗauke su kamar garin da za ki je. Matafiyin da ya tashi daga Kano za shi Zariya, in ya kai Kwanar Dangora bai isa ba tukuna, amma ba mai cewa daidai ya ke da wanda ke zaune a tasha. Ita kanta hukumar, a cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta bayyana cewa ɗan motsi ya fi rashinsa, kuma ta janye tsohon sharaɗin nan na cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere kafin a lissafa shi.

Haka zancen taku 10,000 da wayoyin hannu ke ƙirga wa mutane yanzu. Wannan adadi ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da wani kamfani ya fitar a Japan a 1965. A 2019 wata likita ta Jami'ar Harvard, I-Min Lee, ta bayyana sakamakon bin diddigin tsofaffin mata fiye da 16,000. Waɗanda ke yin taku wajen 4,400 a rana mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu in an gwada da masu yin 2,700, amfanin kuma ya yi ta ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Wani babban bincike kuma da aka bayyana a Amurka a 2002 ya bi mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa. Waɗanda aka sa su tafiya minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Ki lissafa, mace mai kilo 80 abin da aka nema ta rage bai cika kilo 6 ba. Ba wanda ya ce sai ta koma kamar ranar da aka kai ta ɗakin miji.

To, yaya za ki yi? Da farko ki zaɓi abu ɗaya tak. Mai kama kaji biyar da hannu biyu ya kan tashi ba ko ɗaya. In gishiri ne damuwarki, ki bar zancen sukari sai wani watan. In dunƙule huɗu ki ke sa wa tukunya, ki mai da shi uku, ki cike gurbin da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Ba lalle ne mutanen gida su ma lura ba. Harshe ya kan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, in ya saba sai ki koma biyu. In cokali uku na sukari ki ke zuba wa koko ko shayi, ki yi biyu da rabi. In ganye ne babu a abincinku, ba sai kin nemi kayan gwangwani masu tsada ba. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo da yakuwa da kabewa, ga gwanda da mangwaro da goba in lokacinsu ya yi. Kwaɗon zogale sau biyu a mako mafari ne mai kyau.

Na biyu, ki ƙulla sabon abin da wani tsohon abu da ba ki fasawa. Mu kam Allah ya hutar da mu neman agogo, ga salloli biyar sun raba mana yini. Ki ce, in na idar da La'asar zan zaga tsakar gida minti biyar. In na idar da Isha zan goge haƙora in saki gidan sauro. Mutanen da Lally ta bincika ma haka aka sa su yi, kowa ya haɗa abinsa da wani lokaci sananne, kamar bayan karin kumallo. Wadda ba ta fita kuma kada ta ce ba ta da filin motsa jiki. Daka da shara da wanki da jan ruwa a rijiya duk motsi ne, muddin numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Wadda injin niƙa da famfo da 'yar aiki suka ɗauke mata waɗannan, ita ce ya kamata ta ƙirƙiro wa kanta zagayen.

Na uku, ki yanka abin daidai ranar wahala. Ranar da ki ke da ƙarfi kowane alkawari mai sauƙi ne. Ki tambayi kanki, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, baƙi suka sauka, itace ya jiƙe, me zan iya yi? In minti biyu ne, to, minti biyu shi ne ƙa'idarki, abin da ya ƙaru a kai riba ce. Malamanmu ma sun sha karantar da mu cewa aikin da aka dawwama a kansa, ko ƙanƙane ne, ya fi soyuwa wurin Allah. Da yayyafi kogi kan cika.

Na huɗu, ki shirya wa ranar kuskure tun ba ta zo ba, don lalle za ta zo. Akwai biki, akwai suna, akwai naman Babbar Salla, akwai tafiya da jinya. In kin ci abin da ya wuce ƙima da rana, kada ki hana kanki abincin dare don horo, kada kuma ki ce sai ran Asabar ko sai bayan Salla za ki sake farawa. Abinci na gaba shi ne wurin komawa. Ga wata dabara. Ki sami ɗan kwano, duk ranar da kika cika abin da kika ɗauka ki jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki. Ranar da ba ki yi ba kada ki cire kome. Ƙarshen wata ki juye ki ƙirga. In kin sami 20 cikin 30, kin yi kwana 20 da a dā ba ki da ko ɗaya, wata mai zuwa sai ki nemi 22.

Ku kuma 'yan makaranta, na san halinku. Ranar da aka koma hutu a kan zana jadawali mai kyau a bayan littafi, da jan biro da shuɗi: tashi ƙarfe huɗu, karatu awa uku, ba alewa, ba hira. Mako bai ƙare ba an makara sau ɗaya, sai a yage takardar. 'Yata, likitoci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. In yanzu sha biyun dare ki ke kwanciya, fara da sha ɗaya da rabi, ki ajiye waya nesa da shimfiɗa. A goge haƙora sau biyu a rana, in an manta da safe a yi da dare, kada a ce yau ta riga ta ɓaci. Ina kuma gargaɗinku da babbar murya a kan ƙin cin abinci don neman siranta. Yarinya mai girma, wadda ke zubar da jini kowane wata, in ta hana kanta abinci ƙarancin jini ke biyo baya, da jiri, da rashin fahimtar karatu. Wadda ta ga tsoron abinci ya fara mallakar zuciyarta, ko tana ɓoyewa ta amayar da abin da ta ci, ta gaya wa mahaifiyarta ko malamarta a kai ta asibiti, don wannan ciwo ne mai magani.

Sai dai kada wata ta karanta wannan ta ce an ba ta izinin wasa da magani. Akwai wuraren da a ke son cikawa daidai. Maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana 3 a shanye shi duka, ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta farko. Maganin tarin fuka, wanda galibi wata 6 a ke sha, in an yanke shi a tsakiya ciwon ya kan dawo da taurin kai, har maganin farko ya kāsa shi. Maganin hawan jini da na sukari da na ƙanjamau kullum ne, ba a ajiye su don an ji sauƙi. Amma ko a nan ɗin, wadda ta yi kuskure komawa ita ce maganinta. In kin manta shan ƙwaya kada ki haɗa biyu ki haɗiye da kanki, ki tambayi ma'aikatan asibiti yadda za ki yi, ki kuma faɗa musu gaskiyar kwanakin da kika tsallake. Sun ga irinki da yawa, kuma da gaskiyarki za su san abin da za su ba ki.

Allurar rigakafin yara ma haka. A Nijeriya a kan yi ta ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9, da waɗansu bayan haka. Uwaye da yawa in tafiya ko rashin lafiya ta sa sun tsallake ɗaya, sai su ɗauka duk ta lalace, ko su ji tsoron faɗan ma'aikaciya, su zauna a gida. Ki sani ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya a ke ɗorawa, waɗanda aka yi a baya suna nan da amfaninsu. Ɗauki katin ki goya ɗanki ki tafi, faɗan minti biyu ya fi jinyar ƙyanda sauƙi. Mai ciki kuma da ba ta fara awo ba har wata shida, kada ta ce lokaci ya wuce, ta je gobe.

Magana ta ƙarshe gare mu duka ce, mu da ke zaune tare a gida ɗaya ko unguwa ɗaya. In kin san 'yar'uwarki ko abokiyar zamanki ko facalarki tana fama da rage gishiri ko sukari, sai kika gan ta da kwalbar lemo a gidan biki, kada ki ce, "A'a, ashe ke ma kina sha? Ina dokar likitan?" Wannan 'yar magana ta ba'a ta isa ta sa mace ta watsar da ƙoƙarin wata uku. Ki bar ta ta sha abinta cikin kwanciyar rai. Washegari in La'asar ta yi, ki leƙa ki ce, "Yaya, taso mu ɗan zaga." Tafiyar mutum biyu ta fi daɗewa ba a fasa ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, in akwai wani abin kirki da kika fara don lafiyarki kika ajiye, ko rage dunƙule ne, ko zagayen tsakar gida, ko katin rigakafin da ke ƙarƙashin akwati, ki ɗauko shi yau daga inda kika tsaya, ko da rabinsa za ki iya. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.